Giram Ɗari a Sikelin Mai Ƙusa

Mai Usur ce ta cinye mata damtse. Ita ce, ba wani ba, yarinyar nan ta gidan motsa jiki da ke yawo da usur a wuya kamar alƙalin wasa, wadda ko gaisuwa ba ta iya yi sai ta haɗa da tafi. Ita ta rubuta lamba a kati ta miƙa wa dattijuwa, sannan ta tsaya wata huɗu cur tana kallon naman jikin baiwar Allah yana zagwanyewa, tana yi mata tafi. Ga shi yanzu makullin shagon da Mai Ƙusa ta riƙe shekara talatin da ɗaya yana aljihun ɗanta, ita kuma an mai da ita gida, tana juya hannuwanta tana kallo kamar na aro.

In aka ce Mai Ƙusa ba ta da laifi ko kaɗan, an yi ƙarya. Sai dai nata laifin a baya ya fito, don haka a baya za a faɗe shi.

Shagonta yana layin masu kayan gini, tsakanin mai fenti da mai bututun ruwa. Ƙusa take sayarwa da awo: 'yar inci ɗaya, 'yar inci uku, ta rufi, ta kankare. Ba ta taɓa zama a aji ba. Haruffa a idonta tamkar lanƙwasassun ƙusoshi ne da aka sharo daga ƙarƙashin kanta. Lamba kuwa, a nan ba a ja da ita. Sikelinta mai faranti biyu ne, da duwatsun awo na tagulla da marigayi mijinta ya bari, kuma duk kafintocin layin sun san in ta dumbuza hannu a kwali ta zuba, farantan sai su tsaya kai ɗaya, ba ƙari ba ragi. Kafin ta auna komai, sai ta ɗora gwangwanin da babu komai a ciki ta cire nauyinsa, mai saye yana kallo.

"Ni ba na sayar wa mutum gwangwani in ce masa ƙusa ce," haka take cewa, ko ba a tambaye ta ba.

Ƙofar shagon irin ta ƙarfen nan ce da ake ɗagawa sama ta naɗe, tsohuwa, mai nauyin tsiya. Ƙarti sun sha gwada ta da hannu ɗaya su ji kunya. Mai Ƙusa kuwa kullum ƙarfe bakwai za ta cire kwaɗo, ta gyara ɗaurin zani, ta duƙa, ta yi nishi ɗaya, ƙofa ta tafi sama da ƙara gararar. Da wannan ƙarar layin yake sanin gari ya waye.

Jiki kam Allah ya ba ta. Kilo casa'in da huɗu, kuma ba ta taɓa jin kunyar ko ɗaya daga cikinsu ba, sai da gwiwoyinta suka fara kuka kamar tsohuwar kujera. Likita ya duba, ya gwada jini, ya ce ƙoda lafiya, zuciya lafiya, gwiwa ce dai ta gaji da dako. A sauke mata kilo goma ko sha biyar, a hankali, a haɗa da motsa jiki.

Babban ɗanta ne ya kai ta asibitin. Shugaban wata makarantar firamare ne, har ita uwar tasa Hedimasta take kiransa, musamman in ya ba ta haushi. Da suka dawo ya sauke ta a bakin shago, ya tsaya ya goya hannuwa a baya kamar yana gaban taron ɗalibai.

"Inna, shekara sittin da uku fa. Ki rufe shagon nan ki huta. Me muka rage ki da shi?"

"Ni kaza ce da za ka kulle a akurki kana watsa mini tsaba?"

"Wata rana ƙofar nan sai ta karya miki baya."

Mai Fenti, tsohon maƙwabcinta mai farin gemu da ɗigon shuɗin fenti a ciki, yana zaune a kan gwangwani yana jin su. Mai Ƙusa ta juya ta nuna shi da makulli.

"Kai ma ka zama shaida, tunda kunne kake kasawa maimakon ciniki. Ranar da na kasa ɗaga ƙofar nan da hannuna, ni kaɗai, ranar zan miƙa masa makullin nan da kaina. Kafin nan, Hedimasta, ka je ka yi wa 'yan makarantarka tsawa."

Ba wanda ya roƙe ta wannan alkawari. Bakinta ne ya ƙera shi, shi kaɗai, da rana tsaka.

Gidan motsa jikin yana saman wani kantin magani, matakala goma sha tara. Da gwiwa ta ƙirga su. Bangon duk madubi ne, kamar wanda ya gina ɗakin yana gaba da masu ƙiba. Lokacin mata bayan la'asar ne. Ga injin da ake tafiya a kansa rabin awa ba a je ko'ina ba, ga keken da ba shi da taya, ga ƙarafan ɗagawa jere a kan kanta, an shafa musu launi kamar alewa. Mai Ƙusa ta ɗauki mafi girma a layin mata, ta jinjina shi, ta ce kwalin ƙusa 'yar inci uku ya fi wannan mutunci. Matan suka kwashe da dariya. A nan Mai Usur ta fara tafi.

Ta ɗora ta a sikeli, ta auna tsayinta, ta karanta takardar likita, sannan ta ɗauko kati.

"Mama, in mutum ya rage ci, jiki ba ya zaɓe. Kitse yake ci, tsoka ma ci yake. Ɗaga ƙarfe da furotin su ke hana shi taɓa tsokar."

"Furotin kuma ɗan gidan wa?"

"Abin da ke cikin nama ne, da kifi, da ƙwai, da wake, da madara. Ke a jikinki, giram ɗari kullum."

Ta rubuta ɗaya da sifiri biyu, manya, ta ja musu layi a ƙasa.

"Giram ɗari?" Mai Ƙusa ta yi 'yar dariya. "'Yar nan, tun ba a yaye ki ba nake awon giram ɗari da ido a rufe."

"Madalla, Mama! Na rubuta miki yadda za ki haɗa shi a bayan katin. Duba mu gani, ko akwai abin da ba kya ci."

Mai Ƙusa ta juya katin. Rubutu ne cike, ƙanana, a cunkushe kamar ƙusar takalmi.

"Ban zo da tabarau ba. Na duba a gida."

Ba ta da tabarau. Idonta yana hango allura a cikin yashi. Amma wannan maganar tabarau ta shekara talatin tana yi mata aiki: ta yi wa ma'aikacin lantarki, ta yi wa nas, ta yi wa surukinta. Kai wa Hedimasta katin kuwa, ai gara ta haɗiye shi. Ta san halinsa: zai manna shi a bango, ya zana mata jadawali da rula, ya riƙa buga waya kullum yana tambayar ko ta yi aikin gida. Ta soke katin a jakarta. Lamba dai ta gan ta. Me rubutu zai ƙara wa lamba?

Washegari ta ɗauko ƙaramin sikelin da ke ajiye a bayan shago da dutsen giram ɗari, ta kai su madafa, ta wanke, ta ɗora a kan teburi. Ta yanki nama ta ɗora. Ya rinjaya. Ta rage. Ya rinjaya. Da farantan suka tsaya kai ɗaya, abin da ya rage bai wuce kwalin ashana biyu ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"To," ta ce wa kyanwarta, "masu ilimi sun ce haka."

Ranar ƙwai ta fi ban tausayi. Ta dafa biyu, ta ɓare, ta ɗora, sai suka ɗan wuce. Ta sa wuƙa ta fige gefen na biyun ta jefa wa kyanwa. Ranar da ta yi marmarin madara, ta cire nauyin kofi kamar yadda ta saba, ta tsiyaya har giram ɗari, ko rabin kofin bai kai ba. Ta shanye a kurɓi uku, ta ce shi ke nan, an rufe furotin sai gobe. In ta haɗa wake da kifi, su biyun tare ne ɗari, har ƙwayar wake takan cire ta mayar tukunya. Sauran cikin ta cika shi da kabeji da kokwamba da 'yar shinkafa cikin tafin hannu. Kyanwa ta yi ƙiba har ta daina hawa taga.

Kowace Asabar Mai Usur takan jera su a gaban sikeli. Casa'in da biyu. Tafi. Tamanin da tara. Usur da tafi. Tamanin da biyar, har ta kama hannun Mai Ƙusa ta ɗaga sama.

"Ku yi koyi da Mama! Mama, kina cika giram ɗarin dai?"

"Ko ƙwayar wake ba ta wucewa, ba ta raguwa."

Gaskiya ta faɗa. Abin takaicin ke nan.

Kuma a faɗi gaskiya, tafin nan ya yi mata daɗi. Shekara talatin da ɗaya tana ɗaga ƙofa ba wanda ya taɓa tafa mata. Sai ta fara shiga ɗakin madubi da kai a sama, tana yi wa masu ƙiba nasiha, ita da jiya jiya ta fi su. Wata mai gyaran gashi ta tambaye ta sirrin, ta ce, "Awo, 'yata. Ku ba ku girmama awo."

Jikin kuwa yana ta aiko saƙo, ita tana korar ɗan aike. Gashi ya fara bin mataji. Zobenta ya sulluɓe ya faɗa kwalin ƙusar rufi, ta yi rabin yini tana lalube. Fatar damtsenta ta koma lilo kamar wanki a igiya, in ta ɗaga hannu ta kira mai saye, sai ta sauke hannun fatar ba ta gama gaisuwa ba. A gidan motsa jiki ta bar babban ƙarfe ta koma na tsakiya, daga nan ta lallaɓa ta ɗauki ɗan ƙaramin nan ruwan hoda da ake ba masu jego, ta koma layin baya kusa da fanka. Mata talatin ne a ɗakin, usur ɗaya. Ba wanda ya lura.

Mai Fenti ne kaɗai ya yi magana.

"Maƙwabciya, ina kika kai rabinki? Ko kin bar shi gida yana gadi?"

"Rabin nawa da ya rage ya fi ka ƙarfi. Ka je ka wanke gemunka."

"Ni dai na ga jiya kin raba kwalin ƙusa biyu kafin ki ɗauka."

"Kwalin ne ya jiƙe."

Ranar wata Litinin, bayan sikeli ya nuna saba'in da tara an yi mata tafi har da guɗa, ta zo bakin shago ƙarfe bakwai. Ta cire kwaɗo, ta gyara zani, wanda yanzu yake zagaye ta sau biyu, ta duƙa, ta yi nishi. Ƙofa ta taso tsawon taƙi ɗaya, ta tsaya, ta koma ƙasa. Ta sake. Wannan karon ko gezau. Wani duhu ya gilma mata a ido, ta dafa bango.

Mai Fenti ya ajiye kofin shayinsa ya taso. Ya sa hannu ta gefe, suka ɗaga tare.

"Tsatsa ce," in ji Mai Ƙusa.

"Tsatsa ce," in ji shi.

Ta zuba wa ƙofar mai har yana ɗiga a ƙasa. Washegari ma tsatsa ce. Jibi ma haka. Kwana tara suna wannan haɗin baki, ita ta riƙe tsakiya inda ake gani, shi ya riƙe gefe yana yi kamar ya jingina ne. Shaidan alkawari ya zama abokin ɓoyo.

A rana ta goma ƙofa ta gama naɗewa, ta juyo tana haki, sai ga Hedimasta tsaye a tsallaken titi, hannuwa a baya. Mai bututun ruwa ne ya tsegunta masa, wannan kuma maganar wata rana ce. Ya tsallako a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya kama ƙofar ya jawo ta ƙasa har ta taɓa daɓe.

"Inna, ɗaga mu gani."

"Yanzu na ɗaga, kana kallo."

"Ku biyu na gani. Baba, don Allah ka ɗan matsa."

Mai Fenti ya koma kan gwangwaninsa ya sunkuyar da kai. Kafintoci biyu da suka zo sayen ƙusa suka juya suna kallon sama kamar za a yi ruwa. Mai Ƙusa ta tofa yawu a tafin hannu, ta duƙa, ta tattaro duk abin da ƙwai biyu saura kaɗan za su iya bayarwa. Ƙofa ta kai gwiwa. Ƙofa ta kufce ta buga ƙasa, ita kuma ta zauna daɓas a cikin man da ta zuba da hannunta.

Ɗan ya durƙusa zai ɗaga ta, idonsa ya yi ja.

"Inna, dubi hannunki. Me kike ci?"

"Abin da masu ilimi irinka suka rubuta."

Ta zaro makullin ta miƙa masa, ba ta jefa ba, don ta ce da kanta za ta miƙa. Ya karɓa kamar mai karɓar garwashi, ya sa a aljihu.

Kwana uku ta yi a gida. Ta share tsakar gida sau biyar. Ta yi faɗa da kyanwa, ta yi faɗa da rediyo. Ƙarfe bakwai na safe sai hannunta ya kai ga jaka yana neman makullin da ba ya nan. A rana ta huɗu ta naɗe ƙaramin sikelin a tsumma, ta dafa ƙwai biyu, ta ɗauki katin, ta nufi matakala goma sha tara. Sau biyu ta tsaya hutawa. Gwiwa ta daina kuka, cinyar ce yanzu ba ta da abin turawa.

Ta tarar ana tsalle-tsalle. Ta bi ta tsakiyarsu ta kashe kiɗan da hannunta.

"Mama! Kwana biyu! Mun yi kewar..."

"Kada ki tafa. In kika tafa mini yau, sai na sa kin haɗiye usur ɗin nan."

Ta ajiye sikelin a kan benci, ta ɗora dutsen tagulla a faranti ɗaya, ta ɓare ƙwai biyun ta ɗora a ɗayan, ta fige gefen na biyun da farce. Farantan suka tsaya kai ɗaya.

"Nawa kika rubuta?"

"Giram ɗari."

"Wannan nawa ne?"

"Giram ɗari... na ƙwai."

"To wata huɗu ke nan ban ƙara ba ban rage ba. Ina damtsena?"

Mai Usur ta dubi ƙwan, ta dubi hannun tsohuwar, sai ta zauna a kan benci.

"Mama, wannan ne abin da kike ci a yini? Shi ke nan?"

"Wata rana nama. Wata rana wake da kifi. Duk ɗari."

"Wayyo Allah. Mama, ba nauyin abincin nake nufi ba. Ƙwai ɗaya furotin da ke cikinsa giram shida ne. Sauran ruwa ne da mai. Wannan da ke kan sikelinki bai wuce sha biyu ba. Nama ma in an dafa, giram ɗari ba ya ba da fiye da ashirin da biyar zuwa talatin. Madarar da ba ta kai rabin kofi ba kuwa, uku ne ko huɗu."

Mai Ƙusa ba ta yi makaranta ba, amma lissafi bai taɓa jiran ta ba. Sha biyu a cikin ɗari. Ta tsaya tana kallon ƙwan. Ashe ƙwai gwangwani ne. Nama gwangwani ne. Abin da ake nema yana ciki, ita kuma ta auna da mazubin gaba ɗaya. Ita, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana cika wa kafintoci kunne cewa ba ta sayar da gwangwani a matsayin ƙusa, ta zauna a madafarta ta sayar wa kanta gwangwani wata huɗu, har tana rage wa kyanwa ƙari. Da wani ne ya yi mata wannan awo a kasuwa, da layin bai yi ciniki ba ranar.

"Ai duk na rubuta a bayan katin," in ji Mai Usur. Ta karɓi katin ta juya. "Ga shi: da safe ƙwai uku da kofin madara. Da rana nama ko kaza kamar tafin hannunki, da wake. Da yamma kifi babba, da ƙarin madara ko..."

"Kullum?"

"Kullum, Mama."

Mai gyaran gashi ta toshe baki da tawul, kafaɗunta suna rawa. Mai Ƙusa ta gan ta a madubi. Ta ga kanta ma, ta kowane bango, tsohuwa cikin zanin da ya yi mata yawa, da ɓawon ƙwai a hannu. Wata huɗu abinci yana kwance a jakarta tana yawo da shi da yunwa. Ta ji dariyar tana neman kufce mata ita ma, ta danne ta da ƙyar, don ba dariya ta hau bene yi ba.

"Ki yi dariyarki a fili, 'yata, kada ta shaƙe ki. Ni ban iya karatu ba. Ga shi na faɗa, duk ku ji. Ko sunana ban iya ganewa a takarda ba. Wannan nawa ne, na ɗauka." Ta juya ga Mai Usur. "Yanzu saura naki."

"Mama, kin ce tabarau..."

"Wata huɗu kin taɓa ganin tabarau a fuskata? Ko alamar zamansa a karan hancina?"

Mai Ƙusa ta nuna sikelin auna mutane da yatsa.

"Sau nawa kika ɗora ni a sikelin can?"

"Kowane mako."

"Sau goma sha shida. Ni na ƙirga. Kilo goma sha biyar suka fita daga jikina, kika tafa wa kowane ɗaya. Kin taɓa tambayar me ya fita? Kitse ne ko tsoka? Da bakinki kika ce jiki ba ya zaɓe. Na bar babban ƙarfe na koma na masu jego a gaban idonki, ke kina kallon lamba. Ni na auna ƙwai da gwangwaninsa, ke kin auna ni da nawa gwangwanin. Jahilai biyu ne a ɗakin nan, amma ɗaya ce take da takardar shaida a bango."

Mai Usur ta cire usur ɗin daga wuya ta riƙe a hannu. Hawaye ya taru mata.

"Ki yafe ni, Mama. Da na duba."

"Yafiya ba ta ɗaga ƙofa. Tsokar nan tana dawowa ko ta tafi ke nan?"

"Tana dawowa, amma a hankali. A shekarunki sai an yi watanni. Ki ci yadda ya kamata, mu koma ɗaga ƙarfe daga ƙarami, kuma ki koma wurin likita ya sake duba ki."

"Watanni nawa?"

"Ba zan iya yanke miki rana ba."

"Da kin iya yanke lamba da layi a ƙasa."

Mai Ƙusa ta ɗauki ƙwan nan biyu ta cinye su a tsaye, har da ɗan gefen da ta fige, tana kallon matan ɗaya bayan ɗaya. Ta naɗe sikelinta. Ta fizge katin ta miƙa wa mai gyaran gashi.

"Ke mai dariya, biyo ni ƙasa ki karanta mini shi sau biyu. Sau biyu ya ishe ni, ba na mantuwa."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Ke kuma, makullina yana aljihun ɗana. Na ce ranar da na kasa zan miƙa, na miƙa. Amma ban ce ranar da aka kashe ni da yunwa ana tafi ba. Shi yana can yana cewa tsufa ne. In ni na faɗa masa, zai ce rigimar Inna ce. Shi takarda yake ji, da masu takarda. Gobe ƙarfe bakwai zan sa ya zo bakin shago, Mai Fenti yana nan, har munafukin mai bututu zan kira. Ki zo da takardarki ta bango, ki bar usur a gida. Ki tsaya gaban ƙofar nan ki gaya masa da bakinki ba shekaru ne suka kayar da ni ba, ki gaya masa hannun nan zai dawo. Tawa wautar na amsa ta a gaban mata talatin. Taki fa, wa zai amsa? Ki zo ki amsa."